Ɓurumancin 'Yan Aji Biyar

Gwaggo, don Allah ki taimaka min da shawara kafin Litinin ta zo. Ranar ce zan miƙa rahoton da zai iya raba wata yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya da makarantarta, kuma har yanzu abin da na iya rubutawa bai wuce kwanan wata ba. Ki sakaya sunana. Idan abokan aikina suka gane ni ce, kunya kaɗai ta isa ta sa na ajiye aiki.

Ni malamar firamare ce, shekarata goma sha tara ina riƙe da alli, kuma aji biyar ne a hannuna. Ba yabon kai ba, abu ɗaya aka san ni da shi, ajina shiru ne. Idan kika bi ta barandarmu za ki ji aji huɗu kamar tasha, aji shida kamar ana rabon gado, nawa kuwa sai ƙarar fanka. Ba na duka, kallo kawai nake yi. Iyaye har roƙo suke zuwa yi a sa 'ya'yansu a wajena. Da wannan nake taƙama, tunda ba mota gare ni ba, ba kuma wani muƙami ba.

Farkon zangon nan aka turo mana jami'in duba makarantu, wani dattijo mai jiki, da jakarsa cike da takardu. Ya shigo ajina, na ba shi kujerata. Tsohuwar kujera ce mai soso da aka lulluɓe da leda, ta yage ta gefe. Ni na san halinta, a baki-baki nake zama. Shi bawan Allah bai sani ba. Yana cikin gaya wa yara cewa kafin ƙarshen wata za a kawo musu sababbin bencina, sai ya saki jikinsa gaba ɗaya a kanta. Kujera ta fitar da iska, doguwa, mai kauri, har da 'yar wutsiya a ƙarshe. Ba sai na gaya miki da me ta yi kama ba. Yara arba'in da biyu suka kalle ni, na kalle su, ko tari babu wanda ya yi. Ranar na koma gida ina alfahari da su. Ashe ba haɗiye dariyar suka yi ba, ajiye ta suka yi.

Bencina dai ba su zo ba. Bayan sati uku wani yaro yana yi min bayanin cewa ƙaninsa ne ya zuba wa aikin gidansa ruwa, sai na ji muryar kujerata daga can bayan aji, alhali ina tsaye. Wani ne ya cika kumatu ya saki: ɓurum. Daga ranar, duk maganar da aka faɗa wadda ba za ta tabbata ba, sunanta ɓurum. Wanda ya yi ƙarya ya ɓurumta. Wanda ya saba yi ɓurumtacce ne. Kafin wata ya cika abin ya zama yare sukutum, har suka raɗa masa suna Ɓurumanci.

Akwai fiit, wani siririn fito da ake yi ta hanci, ma'anarsa ban gane ba amma ba zan tambaya ba. Akwai ƙwal-ƙwal da ake yi da maƙogwaro, wato yunwa ta zo, a kaɗa ƙararrawa. Har gaisuwa gare su. Ɗaya ya ce ƙyu, ɗayan ya amsa ƙyu-ƙyu-ɓat, sai su zube a ƙasa suna riƙe ciki. Na tambayi abin dariya a ciki, suka ce wannan ba a fassara shi. Kuma duk sanda wani abu ya yi ƙara, ko ƙofa ce ko takalmi, sai wani ya tambaya da fuskar mutunci wa ya zauna, sauran su amsa baki ɗaya cewa baƙo ne. Sau ɗari a yini, kuma kullum sabuwa ce a wajensu.

Na yi abin da na iya. Na raba allo biyu, na rubuta jerin sautukan da na haramta. Ban yi tunanin sai na san yadda ake rubuta su ba. Monita ta ɗaga hannu cikin ladabi ta ce na rubuta fiit da i ɗaya, kuma fit wani abu ne daban, wanne nake nufi? Don in fitar da ita daga shakka sai ga ni, uwar 'ya'ya huɗu, a tsaye gaban allo ina fito ta hanci. Bayan nan suka daina duk abin da ke kan allo, suka ƙirƙiro waɗanda babu. Ni kuma ina ƙarawa. Jerin ya tashi daga bakwai ya kai ashirin da uku. Sai daga baya na lura 'yan sauran azuzuwa suna zuwa bakin taga lokacin tara suna kwafa a littattafansu. Da rubutuna mai kyau yaren ya zagaye makaranta.

Hedimastanmu sabo ne, mutum ne mai son jawabi. Makon jiya a taron safe, gaban shugaban ƙungiyar iyaye, ya sanar karo na uku cewa za a gyara famfon makaranta cikin mako. Gwaggo, yara ɗari uku, kamar an yi musu atisaye. Ɓurum ɗaya suka yi, har ya amsa a jikin katanga. Shugaban iyaye ya sunkuya yana gyara igiyar takalmin da ba shi da igiya. Hedimasta ya kira mu ofis, ya ce an tabbatar masa daga aji biyar cutar ta fito, kuma yana son a kawo masa shugaban abin kafin a tashi. A gaban malamai goma sha ɗaya ya tambaye ni ina shirun da ake ba shi labari.

Na koma aji idona rufe, na ce kowa ya zazzage jakarsa a kan benci. A jakar wadda ban taɓa kawowa a raina ba na sami wani littafi. Yarinya ce da yara ke kira 'Yar Shiru, tana zama jikin bango a layi na uku. Tana da in'ina mai tsanani. A da, idan ta miƙe ba da amsa wasu kan kwaikwaye ta a ɓoye, har ta daina ɗaga hannu, kuma lokacin tara ita kaɗai take cin abincinta a aji. A bangon littafin ta rubuta: Ƙamusun Ɓurumanci, kada a taɓa. Ban buɗe ba. Na kama hannunta har ofis na ce ga shugabar. Hedimasta ya kore ta gida sai kwamitin ladabtarwa ya zauna, ya ce a ganinsa gara a ba ta takardar canjin makaranta, ta zama darasi. Makarantar da ta fi kusa kuwa sai an tsallake babban titi an shiga mota biyu. Littafin na jefa shi a jakata, na ce zan haɗo shi da rahoto.

Bayan an tashi na zauna a ajin ni kaɗai na buɗe shi. Sautuka sittin da ɗaya, a jere bisa tsarin haruffa. Kowanne da ma'anarsa, da misali a cikin jimla, da wanda ya fara yin sa, da inda ake ajiye harshe. Kuskuren rubutu ko ɗaya babu. Wannan yarinyar ce na rubuta wa a katin sakamako cewa ba ta da ƙoƙari wajen tsara magana. Kuma a duk sittin da ɗayan, guda huɗu kacal ne nata, sauran tattarawa ta yi. Allah ya yafe min, na rufe ƙofa na yi dariya har da hawaye, musamman a shafin hedimasta, inda ta bayyana yadda yake gyaran murya kashi uku kafin ya yi alƙawari.

Sai na iso nawa. Biyu ne. Na farko ta rubuta: "Hii-ƙyat. A ja numfashi ta hanci, sai a danna kan biro. Na Malama ne. Ma'anarsa kowa ya gyara zama, wani zai sha faɗa. Ana jin sa kullum." Na duba hannuna, ga biro, ga babban yatsana a kansa. Na biyun kuma: "Mm-hm. Baki a rufe, a hankali. Shi ma na Malama ne, idan tana duba littafi. Ma'anarsa ka yi daidai amma ba za a gaya maka ba. Ba a cika jin sa ba. Ni an yi min sau biyu, ranar lissafin rabawa mai saura da ranar da na zana ganye." Nan dariyar ta tsaya.

Don kada ki ce na mai da ita waliyiya, akwai shafi ɗaya da bai yi min daɗi ba. Akwai yaron da mura ba ta rabuwa da shi, an yi sauti da jan hancinsa, an sa sunansa ɓaro-ɓaro. Sai a lokacin na gane abin da ya sa kwanan nan yake yawan neman izinin fita, zagayawa yake yi bayan aji ya fyace inda ba mai ji.

Washegari mahaifinta ya zo. Mai gyaran agogo ne, siriri, mai magana a hankali, tun kafin ya zauna ya fara ba da haƙuri. Ya ce wallahi bai san laifi ba ne. Shi abin da ya gani, zangon nan yara suna zuwa ƙofar gida suna kiran sunanta, abin da bai taɓa faruwa ba. Ya ce idan tana waɗannan sautukan harshenta ba ya sarƙewa, kuma idan ta fara da ɗaya, maganar da ke biyo baya takan fito sumul. Mahaifiyarta har ta ɗauka addu'a ce ta karɓu. Ya ce amma yanzu ya hana ta kwata-kwata, kuma tun lokacin ba ta ce wa kowa komai ba a gidan. Sannan ya tambaye ni ko akwai wani hukuncin da makaranta ke so ya ƙara mata. Na ce a'a, ina kallon rajista.

Saura abin da ya fi ba ni kunya. Ranar Laraba a taron malamai hedimasta ya ce kafin ƙarshen zango za a sa wa banɗakin malamai ƙofa. Ban san sanda kumatuna suka cika ba. A hankali ya fita, amma ya fita. Malamin wasanni da ke gefena ya ɓarke da tarin ƙarya ya rufa min asiri, kuma tun ranar yake gaishe ni da wani irin girmamawa da ba na so. A gida ma na yi wa maigidana sau biyu a kan ƙofar kicin da yake cewa zai gyara ran Asabar, yanzu shi ma ya iya, da shi yake amsa wa ƙaninsa waya.

Maigidan nawa ya ce in rubuta abin da shugaba ke so, sunana na cikin waɗanda ake duba ƙarin girmansu bana, ba lokacin jayayya ba ne. Yayata ta ce yaran yanzu sai an yi maganin ɗaya sauran ke shiga taitayinsu. Idan na rubuta gaskiya, sai na ce na yi gaggawa, na ɗora wa yarinya abin da ba nata ba, kuma shekara goma sha tara ban taɓa janye magana a gaban ɗalibi ba. Idan na haɗa da littafin, hedimasta zai ga shafinsa. Idan na bi son ransa, yarinya ta tafi. Ajina kuwa tun ranar da na kai ta ofis ya yi shirun da ban taɓa samu ba, babu fiit babu ƙwal-ƙwal, kuma babu mai kallon fuskata. Ina shiga nake ƙagara a tashi. Gwaggo, me zan rubuta?

Taki,
Malamar aji biyar

Malama,

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma a karo na biyu ni ma sai da na tura ƙofa. Ina taya ki murna. Malamai kaɗan ne ke yaye mai rubuta ƙamus tun tana aji biyar, waɗanda kuma suke kama hannunta da kansu su kai ta a kore ta sun fi haka ƙaranci.

Bari in fara da inda kike da gaskiya. Aji ba kasuwa ba ne, yaro ba zai koyi lissafi ana fito ta hanci a bayansa ba. Abin da aka yi wa hedimasta gaban baƙo ma ba ƙarami ba ne, kowa aka yi wa haka zai ji zafi, kuma ke ma an ci miki fuska gaban abokan aiki. Fushinki ba abin mamaki ba ne. Maigidanki ma bai yi ƙarya ba, shugaba kan riƙe mutum a zuciya, ƙarin girman zai iya jinkiri. Ba zan ce miki babu abin da za ki rasa ba.

Amma ki duba lamarin yadda ke da kanki kika ba ni shi. Kujera ce ta fara. Allonki ne ya yaɗa. Famfo ne ya tara yara ɗari uku a kan murya ɗaya. Ita yarinyar abin da ta yi shi ne ta saurara da kyau ta rubuta daidai, wato abin da kike roƙon ɗalibai su yi tun da kika fara aiki. Ba ki tambaye ni don ba ki san abin da za ki rubuta ba. Da ba ki sani ba, da tuni kin cika shafi biyu kin sa hannu.

Kada ki jira Litinin. Ki sami hedimasta shi kaɗai, ba gaban kwamiti ba, ki ce masa kin yi gaggawa, bincikenki ya nuna abin ba shi da shugaba, kuma kin janye sunan da kika bayar. Shugabanni na jin daɗin na ƙasa da su ya ce ya yi kuskure, don haka zai saurare ki fiye da yadda kike tsoro. Sannan ki ba shi hanyar fita da mutuncinsa, domin abin da yake nema ke nan, ba yarinyar ba. Laifin taro ne, hukuncin ma ya zama na taro: kowane aji ya rubuto masa takardar ban haƙuri, a karanta a taron safe. Idan kin ga fuskarsa ta saki, ki ambata masa cewa kin san wani mai gyaran famfo. Ranar da ruwa ya zubo, rabin matsalarsa ta ƙare. Rahoton kuma shafi ɗaya ya isa, ki faɗi abin da ya faru, har da jerin da kika rubuta a allo.

Littafin ba shaida ba ne, kayan yarinya ne, kada ki liƙa shi a fayil. Idan hedimasta ya tambaya kada ki yi masa ƙarya. Idan ya dage sai ya gani, ya gani kina zaune, kuma ki fara buɗe masa shafukanki kafin ya kai nasa. Da wuya mutum ya yi fushi shi kaɗai a gaban wadda aka yi wa biyu.

A aji, ki goge jerin nan. Doka ɗaya ta isa: lokacin darasi naki ne, lokacin tara nasu ne. Irin wannan yaren ba ya wuce zango biyu, da kansu za su ce ya tsufa. Idan kuma kin matsu ya mutu da wuri, ki sanar cewa zai fito a jarrabawa. Kada dai ki gwada yin sa da su don su so ki, ba abin da suke nema a wajenki ba ne. Abin da suke nema an rubuta miki shi da kyakkyawan rubutu. Yarinyar da ke riƙe da ranakun da kika yaba mata da baki a rufe ba raina ki ta yi ba. Ki riƙa buɗe bakin. "Daidai ne" kalma biyu ce, ba za ta rushe miki aji ba.

Shafin yaron mai mura kuwa kada ki kau da kai a kansa. Ki yi maganarsa da ita ku biyu, ba da faɗa ba. Ta fi kowa a ajin sanin yadda mutum ke ji idan aka mai da abin da ba shi da iko a kansa abin wasa, kuma ina kyautata zaton da hannunta za ta cire shi. Malamin wasanni kuma ki bar shi da gaisuwarsa, ya cancanta.

Abu na ƙarshe shi ne na farkon da za ki yi. Gobe ki shirya ki je shagon mai agogo, ki gaya masa 'yarsa ba ta yi abin korar ba, ya janye hanin da ya yi mata, ya kuma raka ki gida. Ki miƙa mata littafinta hannu da hannu, ki ce mata kin yi kuskure, da kalmomin da kowa ya sani, a gaban iyayenta. Daga nan ki tambaye ta ko tana da abin cewa. Za ta daɗe kafin ya fito. Kada ki ƙarasa mata, kada ki ce ba komai ki miƙe. Ki zauna ki jira har ta kai ƙarshe.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya mayar da yarinyar nan kan bencinta lafiya, ya sa ki gama da ɗalibanki kuna kallon juna.

Gwaggo